Ranar da Injiniya Ya Cire wa Tsohuwa Waigi

Mijina bai taɓa haɗuwa da abin da ya gagare shi ba. Shi a wurinsa abubuwan duniya kashi biyu ne: akwai wanda ya gyara, akwai wanda bai samu sukunin gyarawa ba tukuna. Ƙwan lantarki da soket yake sayarwa a wani ɗan shago, amma tun ranar da ya buɗe fankar mai askin layinmu, ta bar juyi ta koma hayaƙi, aka laƙaba masa Injiniya. Mutane da tsiya suka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Ni kaina in na ce "Malam" sau biyu bai amsa ba, ina cewa "Injiniya" zai waiwayo yana murmushi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun da muka yi aure, shekara goma sha ɗaya ke nan: makullin motar Babana. Baba tsohon direba ne, gidansa da namu katanga ce kawai a tsakani, can saman layi inda gangare yake farawa. Yana da wata a-kori-kura da ta girme ni, kowa Tsohuwa yake ce mata. Injinta garau, amma birkin hannunta ya mutu tun ina 'yar makaranta. Saboda haka duk inda ta tsaya sai an sa mata waigi, wato guntun katakon nan mai tsini da ake cusawa a gindin taya don kada mota ta gangara. Mijina ya wanke motar nan, ya tura ta, ya sha ɗaukar waiginta, amma Baba bai taɓa barinsa ya zauna a bayan sitiyari ba ko da a kashe take. Lasisin tuƙi kuwa yana da shi, kullum yana aljihun gaba inda za a gani.

Da idon Baba ya fara hazo, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Nan da nan mai bulo na ƙasan layi ya fara zarya yana son saye. Ranar da mijina ya ji labari, ko takalmi bai sa daidai ba ya iske Baba a gindin bishiyar ƙofar gida.

"Baba, a sayar da Tsohuwa ina raye?"

"To ya zan yi da ita? In riƙa kwana a ciki?"

"Ka ba ni ita. Wallahi sai ta ga gatan da ba ta taɓa gani ba."

Baba ya ce, "Tafiya ba ta dame ni ba, ko tura ta aka yi za ta tafi. Tsayuwar nake tsoro. Kai da mantuwa, wata rana za ka sauka kana surutu ka bar waigi a bodi."

"To a kashe maganar waigin gaba ɗaya mana! Ka ba ni mako guda, in yi mata birkin hannun da ko a jikin bango ka ajiye ta ba za ta motsa ba."

"Ka faɗa da bakinka," in ji Baba. "Asabar mai zuwa, in ta tsaya a gangaren nan da birkin hannu kaɗai, makulli naka ne. In ba ta tsaya ba, mai bulo ya zo ya ɗauki abarsa."

Ina bakin ƙofa ina ji, kuma na san halin gyaran mijina. Amma ba zan ɓoye ba, na so ya ci. Na gaji da ganin mijina yana wanke motar da ba a yarda ya taɓa sitiyarinta ba, kuma ina son in ji Baba ya ce masa madalla ko sau ɗaya ne a rayuwa. Don haka na lallaɓa na kira bakaniken layinmu, mutum mai sanyin hali, wanda magana ke yi wa wuya kamar haƙa. Ya zo ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya fito yana kakkaɓe baya.

"Aikin rabin yini ne," ya ce. "Lainin birkin baya ya cinye, wayar birkin hannu kuma ta saki. A sa sabon laini, a ɗaure waya, shi ke nan."

Mijina ya yi wata dariya mai tausayi. "Allah sarki. Kai har yanzu kana zamanin duram? Duniya ta wuce nan, ɗan'uwa. Cire su zan yi gaba ɗaya in sa mata kalifa."

"A baya?"

"A baya. Kamar motocin zamani."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji bakanike, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Ranar na sha darasi har kunnena ya yi zafi. Duram, in ji shi, shi ne birki irin na da, mai kama da kwanon ƙarfe a kife cikin taya. Kalifa kuwa wani muƙamuƙin ƙarfe ne da ke cizon faifai ya tsayar da taya. Duk wannan ilimin a waya ya samo shi, wurin wani mutum mai gemu da ke bayani da yaren da mijina ba ya jin ko gaisuwarsa. Na ce masa ya yake gane abin da ake faɗa. Ya ce masana ba sa bukatar yare, da hannu suke fahimtar juna.

Washegari ya tafi kasuwar kayan gyara ya dawo da buhu a kafaɗa, yana ba ni labari da alfahari. Wai mai kayan ya tambaye shi, "Mai kunnen birkin hannu kake so, ko marar kunne?" Shi kuwa ya ce, "Ni ba kunne na zo saye ba, miƙo mini waɗancan masu ƙyalli." Mai kayan ya buɗe baki zai yi bayani, mijina ya tare shi: "Malam, da Injiniya kake magana."

"Kunnen na mene ne?" na tambaya.

"Ado ne kawai. Dabararsu ce ta 'yan kasuwa."

Ranar Litinin ya rufe shago, ya kwaso sifanonin Baba, ya ɗauke mini babbar robar wanki wai ta zuba notoci. Motar tana fili a gindin bishiya, inda ƙasa take a miƙe. Mai aski ya jawo bencinsa ya dawo da sana'arsa kusa, wai iskar wurin ta fi daɗi. Baba yana kan kujerarsa, carbi a hannu.

Da farko mijina ya ɗaga motar da jak kafin ya sassauta notin taya. Yana danna sifana sai taya ta juya da shi, ya bi ta ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Motsa jiki ne kafin aiki," ya ce wa mai aski.

"Na gani. Mu ma haka muke yi kafin aski."

Ya sauke motar, tayar dama ta fita lafiya, har ya ɗaga ta sama a gani. Da ya zagayo ta hagu kuwa, noti ya ce bai san zancen ba. Ya danna da hannu, ya taka da ƙafa, ya zura wa sifana dogon bututu ya hau kai yana lilo kamar ɗan akuya a kan turmi. Ya zuba mai, ya buga guduma, ya zagi tsatsa da wanda ya ƙirƙiro ta. Rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sai can Baba ya yi gyaran murya.

"Wai ɗaurewa kake ko kwancewa?"

"Kwancewa mana, Baba."

"To tun safe ɗaurewa kake. Tsofaffin motoci irin wannan, notin tayar hagu baibai yake kwancewa."

Mai aski ya saki dariya har ya kusa yanke kunnen wanda yake wa aski. Mijina ya share gumi ya ce, "Na sani ai. Gwada ƙarfin zaren nake, in ga ko zai jure aikin zamani."

"Ya jure?" in ji mai aski.

"Ya ci jarrabawa."

Talata aka buɗe duram. Ashe cikinsa cike yake da ƙananan sifirin a ɗame. Mijina ya sa fulaya ya ja ɗaya, ta yi tsalle ta wuce ta gefen kunnensa, ta daki madubin mai aski. Ta biyu ta haura katanga ta faɗa cikin tukunyata. Ta uku har yau ba a san inda take ba. Man birki kuma ya tsiyaye masa a hannu, ya rasa inda zai goge sai jikin ƙofar motar, kafin la'asar fentin wurin ya kumbura ya saɓule, shatin yatsunsa biyar ya fito raɗau. Baba ya matso da fuskarsa kusa yana dubawa.

"Wannan kuma fa?"

"Alama ce, Baba. Ko an sace ta, da gani za a gane tamu ce."

"Wa zai sace ta a haka?" in ji Baba, ya koma ya zauna.

Zuwa Laraba da rana kalifofi sun hau, suna ta ƙyalli a ƙarƙashin tsohuwar mota kamar haƙorin zinare a bakin kaka. A nan ne aikin ya faɗo kaina. Birkin ƙafa da mai yake aiki, in iska ta shiga bututun sai ka taka ka ji kamar soso. Fitar da ita kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya yana sama yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana buɗe wani ɗan noti mai huji a jikin kalifa. Mai aski ya ce ƙafarsa tana ciwo. Baba ya ce shi ɗan kallo ne. Sai ga ni a bayan sitiyarin da mijina ya yi shekara goma sha ɗaya yana mafarki, ina zaune a kai da zanen girki.

"Uwargida, taka!"

"Na taka."

"Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki! Ya kika ji?"

"Kamar na taka katifa."

"Ba ki iya ba ne. Ki taka da niyya."

Na taka da niyya, na taka da haushi, na taka ina karanto duk laifin da ya taɓa yi mini tun daga ranar da ya gyara mini dutsen guga. Robar wankina ta cika da man birki, ƙafata ta dama ta kumbura, birki yana nan yadda yake. Alhamis ma haka muka yini. Abinci ya ƙone sau biyu, kuma ya samu bakin tambayata me ya sa yake ƙauri.

Da yamma bakanike ya biyo ta wurin zai wuce gida. Bai yi niyyar tsayawa ba, amma da ya ga fuskata sai ya durƙusa ya leƙa. Kallo ɗaya ya yi.

"Kalifar dama ka sa a hagu, ta hagu ka sa a dama."

"Duk ɗaya ne, tagwaye ne," in ji mijina daga ƙarƙashin mota.

"Ba ɗaya ba ne. Dubi notin iskar, ƙasa yake kallo. Iska a sama take taruwa. Ko shekara matarka za ta yi tana takawa, mai kawai za ka yi ta zubarwa."

"Wannan a motocin da ne. A na zamani iska ƙasa take bi."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ci gaba."

Bakanike ya dube ni, na dube shi. Ya sake leƙawa ya ce, "Kuma wannan kalifar ba ta da..."

"Ɗan'uwa," mijina ya turo kai waje, "in na gama zan kira ka ka zo ka koya. Kyauta."

Bakanike ya haɗiye sauran maganarsa ya yi gaba. Ni kuwa na sauko ina ɗingishi na ce wallahi ba zan ƙara taka komai ba sai ƙasa. Mijina ya hau ya gwada da kansa. Ya gano cewa in aka taka sau tara da sauri, a na goma birkin yakan ɗan kama. Sai ya leƙo ta taga fuskarsa fal murna.

"Kin gani? Haka aka tsara shi. Sai ya tabbatar da gaske kake son tsayawa sannan ya kama."

"In kuma mutum yana gabanka fa?"

"Sai ka fara takawa tun daga nesa. Tuƙi ai hangen nesa ne."

Ana gobe Asabar ya tuna da ainihin abin da aka yi alkawari a kai. Wayar birkin hannu tana nan tana reto a ƙarƙashin mota, ya kamo bakinta yana neman inda zai maƙala a jikin kalifa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shafa ko'ina. Babu. Kalifa sumul take kamar ƙwai. Ya zauna dirshan riƙe da bakin wayar.

"Malam," na ce a hankali, "ko kunnen nan ne da mai kaya ya ce?"

"Wane kunne? Ke dai ba ni wuri in yi tunani."

Ya yi tunanin. Da ma bai yi ba. Ya jawo wayar ya naɗe ta a jikin babban sifirin ɗin motar, ya ƙulle da wayar shanyata, ya ɗame tamau. Ya hau ya ja birkin hannu, ya tashi yana ƙara ƙar-ƙar-ƙar, ya tsaya da tauri kamar sabo.

"Ji nan! Tun da kike kin taɓa jin ya yi wannan kukan?"

"Amma ai ba taya ka riƙe ba."

"Uwargida, mota duk jiki ɗaya ce. In ka riƙe ƙarfen nan ka riƙe motar, in ka riƙe motar ina taya za ta je ita kaɗai?"

"Wato kamar mutum ya kama kunnensa don kada ya faɗa rijiya."

"Shi ya sa ba a sa mata a harkar injiniyanci," ya ce. Na ce shi ya sa kuma ake kiran su su taka birki kwana biyu. Na roƙe shi ya bari bakanike ya zo ya duba tun da sauran yini, ba wanda zai sani. Ya ce in ya yi haka, da wane ido zai karɓi makulli a hannun Baba? Sai na ƙyale shi, don na ga da gaske yake.

Asabar da hantsi layinmu ya cika. Mijina da kansa ya bi gida-gida yana gayyata. Mai aski ya kawo benci biyu. Mai bulo ya hau tudu da ƙafa, hannu a baya, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa bodi kamar an riga an gama ciniki. Bakanike ya tsaya can nesa, kuma na lura ba a ƙasan gangare ya tsaya ba, a sama.

Baba ya ba da aron makulli. Mijina ya buɗe masa ƙofar gefe da ladabi. "Baba, yau kai ne babban baƙo. Zauna a gidan gaba ka ji da jikinka yadda za ta kafe."

Baba ya hau. Mijina ya tayar da Tsohuwa, ya fito da ita daga gindin bishiya ya sa hancinta a gangare, ƙafarsa tana ta dakan birki har ya kama. Ni na sa waigi. Ya ja birkin hannu ƙar-ƙar-ƙar, ya leƙo ya tabbatar kowa ya ji. Ya kashe inji, ya cire ta daga giya, ya sauko. Baba ya ce ta taga, "Ka bar ta a giya mana."

"Haba Baba, ai sai a ce giyar ce ta riƙe."

Ya sa guduma ya buge waigin ya fita. Na runtse ido. Da na buɗe, ga Tsohuwa a tsaye cak. Ko tsufa ne ya riƙe ta, ko mamaki, oho. Wasu har sun fara tafi. Mijina ya ɗaga waigin sama da hannu biyu, ya juya wa motar baya, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku kalli katakon nan da kyau, don yau ce ranarsa ta ƙarshe. Shekara ashirin da ɗoriya yana wahalar da bayin Allah..."

Tayar gaba ta ɗan motsa.

"Injiniya," in ji mai aski.

"Bari in gama. An ce ba zai yiwu ba. Wasu ma da ke kiran kansu kanikawa..."

"Injiniya, motar..."

"Tambayoyi sai ƙarshe!"

Ni ce na ƙwalla ihu. "Baba!"

Ya waiwayo. Inda ya bar mota babu mota. Tana can ta yi nisan ɗaki uku, tana tafiya a natse kamar mai zuwa unguwa, kuma kowane taku sauri take ƙarawa. A ƙarshen gangaren nan babban titi ne, inda manyan motoci ke wucewa ba tsayawa.

Wuri ya kece. Waɗanda ke ƙasa suka dare, kowa ya nemi ƙofar da ta fi kusa. Mai bulo ya haye benci. Baba ya ƙara jan birkin hannu, ya yi masa ƙar-ƙar mai daɗi, bai riƙe komai ba. Ya danna giya ta yi gurnani ta ƙi shiga, gwiwarsa kuma ba ta iya tsallakawa zuwa wurin direba. Sai ya miƙa hannu ɗaya ya kama sitiyari yana cewa, "Ina hanya? Ku gaya mini hanya!" Rabin layi suka ce dama, rabi suka ce hagu, wata tsohuwa ta ce ya yi salati kawai.

Mijina kuwa ban san yana da gudu ba sai ranar. Ya rungume waigi ya bi ta. Takalmi ɗaya ya fice, na biyun ya bi ɗan'uwansa. Ya cim mata ya jefa waigin a gaban tayar baya, taya ta haye ta tofo shi gefe. Ya sunkuya a guje ya sure shi, ya sake cim mata, ya kama ƙofar gefen Baba yana gudu yana ihu.

"Baba, kar ka ji ta kowa, ni za ka ji! Dama! Ga yashin mai bulo nan gaba! Dama kaɗan! Ƙara! Ƙara! Riƙe haka!"

Baba ya riƙe. Tsohuwa ta bar tsakiyar layi, ta tsallake ɗan lambatu, ta burma cikin tulin yashin da ke ƙofar gidan bulo. Ta haye shi har rabi, ta yi nishi, ta tsaya. Sai kuma ta fara zamowa da baya, ta nufi ramin da ake tara ruwan kwaɓi. Mijina ya yi sufa da ciki ya cusa waigin a bayan taya, ya danne shi da hannu biyu. Motar ta yi girgiza ɗaya ta kafe.

Kafin in isa wurin da kumburarriyar ƙafata, duk layi ya riga ni. Na buɗe ƙofa na kama Baba ina kuka, shi kuwa hularsa kawai yake gyarawa. Da aka tabbatar ba abin da ya same shi, sai bakin mutane ya dawo. Bakanike ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe, kafaɗunsa suna rawa. Ya fito da wayar shanyata a hannu.

"Ku zo ku gani," ya ce. "Motar ya ɗaure a jikin motar."

Aka yi layi ana leƙawa, kowa ya ɗago sai ya riƙe ciki. Mai aski ya zauna a kan bulo yana share hawaye yana cewa, "Gara ni, fankata a tsaye ta mutu." Mai bulo ya ƙaraso yana haki ya ce, "To Baba, an gode. An ce Asabar, ga ta har ƙofa ta kawo kanta. Yashin ma na yafe."

Mijina ya miƙe a hankali. Yashi a kansa, yashi a girarsa, gwiwa ta ƙuje, mazagin wandonsa ya tsinke yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Na jira in ji ya ce gwaji ne, ko haka aka tsara. Bai ce ba. Ya zare makullin daga jikin motar ya miƙa wa Baba, kansa a ƙasa.

"Baba, ba ta tsaya ba. Kuma na kusa halaka ka. A ba shi motar."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har na manta da ƙafata. Dariyar ma ta lafa, don ba wanda ya taɓa jin Injiniya ya amsa laifi.

Baba ya karɓi makullin yana jujjuya shi. "Shekara arba'in ina tuƙi," ya ce, "sau uku mota ta taɓa kuɓuce mini. Duk sau ukun, waɗanda ke kusa baya suka yi. Yau na ga wanda ya bi ta." Ya juya wajen mai bulo. "Ka yi haƙuri, na fasa."

"A'a Baba, sharaɗi fa aka yi, kowa shaida ne."

"Ni na kafa shi, ni na tuge abina. Bakanike, ka kwashe waɗannan masu ƙyallin ka mayar mata da kayanta, ka yi aikinka na rabin yini."

Sannan ya ɓalle zoben makullin, ya raba makullan biyu da ke jiki. Babban ya danƙa wa mijina a tafin hannu. "Madalla da ƙafa," ya ce. "Hannun kuwa sai addu'a." Ƙaramin ya miƙo mini. "Auta, wannan na akwatin sifanoni ne. Ki ɓoye shi inda ko da fitila ba zai gani ba."

Aka sake fashewa da dariya, wannan karon har da tafi. Mijina ya tsaya yana kallon makullin, idonsa ya ciko. Ni ma na kau da kai ina gyara ɗankwali don kada a ga nawa idon.

Muka kamo hanyar hawa tudu, Baba yana gaba bakanike na riƙe da hannunsa, mu muna baya. Na tsinto takalmi ɗaya a lambatu, ɗayan a ƙofar wani gida. Har muka yi rabin tudu mijina bai ce komai ba, har na fara tsoron ko ya bugu a kai. Sai na ji ya matso kusa da kunnena.

"Uwargida, kin dai ga gudun nan ko? Lissafi ne fa. Tun daga sama na auna nisan yashin, na auna nauyin motar..."

"Na gani, Injiniya," na ce. "Riƙe wandonka."